Fatsar Nishaɗi a Tekun Atalantika: Sharaɗinta da Haƙƙin Masunta

A watan Maris na shekarar 2003, kusa da wani ɗan tsibiri da ake kira Rubane, ɗaya daga cikin tsibiran Bijagos 88 na ƙasar Gini Bisau, wani Bature mai suna Max Domecq ya kama kifin nan da ake kira tarfon da sanda ɗaya da zare ɗaya da ƙugiya ɗaya, aka ɗora shi bisa ma'auni aka tarar nauyinsa ya kusa kilo 130, aka kuwa rubuta shi a littafin masu wannan fanni a matsayin mafi girman irinsa da aka taɓa kamawa da sanda a duniya. Labarin bai yi amo a ƙasar Hausa ba, kuma ko da ya iso, tambayar da dattawanmu za su fara yi sananniya ce: wane irin hankali ne zai sa mutum ya bar garinsu, ya biya kuɗin jirgin sama da na jirgin ruwa, ya wuni cikin rana da gishirin teku yana kokawa da kifi ɗaya, alhali da ushirin abin da ya kashe zai cika kwando a kasuwa, sa'an nan kuma, abin da ya fi ba da mamaki, galibin irin waɗannan mutane idan sun kama kifin sai su zare ƙugiya su sake shi ya koma inda ya fito?

Tambayar tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba, domin a cikinta akwai ƙyamar almubazzaranci wadda addini da al'ada suka dasa mana. Amma ra'ayina shi ne gaggawar yanke wa wannan al'amari hukuncin wauta kuskure ne, kamar yadda karɓarsa hannu bibbiyu ba tare da sharaɗi ba shi ma kuskure ne, saboda fatsar nishaɗi ta riga ta kafu a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Dakar da bakin kogin Gambiya har zuwa Ada inda kogin Bolta ya faɗa teku a Gana, har can Gabon da Angola, kuma abin da ya rage mana shi ne mu zaɓa ko za ta zama abokiyar masuncin kwalekwale wajen tsare arzikin ruwa, ko kuwa ta zama wata sabuwar hanya ta kwashe amfanin gaɓarmu zuwa aljihun waɗanda ba su zauna a kanta ba.

Asalin wannan wasa a siffarsa ta zamani bai yi nisa ƙwarai ba. A shekarar 1898 wani masanin halittu ɗan Amurka, Charles Frederick Holder, ya kama kifin tuna mai nauyin kilo 83 da sanda a tsibirin Katalina na jihar Kalifoniya, ya kuma kafa ƙungiya wadda babbar manufarta ita ce hana kama manyan kifaye da igiya mai kauri da ake ja da hannu, a bar wa kifi wata dama ta kuɓuta. A 1939 aka kafa ƙungiyar duniya da ake kira IGFA a taƙaice, wadda har yanzu ita ke ajiye lissafin mafi girman abin da aka kama, ita ce kuma ta shimfiɗa ƙa'idojin da suka haɗa da cewa wanda kifi ya kama wa ƙugiya shi kaɗai zai yi fama da shi, ba mai taɓa masa sanda ko zare har a kai ƙarshe. Sai dai ba za a ɓoye ba, zamanin farko zamanin kisa ne da alfahari. Kifin malin mai dogon baki kamar mashi, mai nauyin kilo 707, wanda Alfred Glassell ya kama a Kabo Bulanko ta ƙasar Peru a 1953, an rataye shi ne a bakin gaɓa aka ɗauki hoto, haka nan aka yi wa dubbai irinsa, da yawansu kuwa ba wanda ya ɗanɗana namansu. Sai da manyan kifaye suka soma ƙaranci a ruwayen da a da suke cike da su, sa'an nan masu wasan suka farga cewa hannunsu na cikin ɓarnar.

Wanda bai san teku ba yakan zaci fatsa sa'a ce kurum, a jefa ƙugiya a jira rabo. Rabo kam na Allah ne, amma sababin da ake riƙo da shi ilmi ne mai zurfi, kuma farkonsa sanin wata. Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a cikin yini da dare, lokacin yana jinkirtawa da kimanin minti 50 kowace rana, kuma cikowar takan fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika sha huɗu, ta yi rauni a wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu. Saboda haka Musulmin da ya saba lissafin kwanan wata domin azumi da salla ya riga ya riƙe rabin mabuɗin wannan ilmi tun bai ga teku ba. Kifi mai farauta ba ya son ruwa mai kwanciya. Idan ruwa ya soma janyewa daga bakin kogi, yana kwaso ƙananan kifaye da jatan lande daga cikin saiwoyin itatuwan gaɓa, a nan ne manya suke yin kwanto, a daidai layin da jan ruwan kogi ya haɗu da shuɗin ruwan teku, kuma mai fatsa da ya san aikinsa a kan wannan layi zai ajiye ƙugiyarsa, ba taku goma gaba ko baya ba.

Mai jifa daga kan rairayi kuma karatunsa igiyar ruwa ce. Zai tsaya da sandarsa mai tsawon kusan mita 4, ya daɗe yana duban inda igiya take fashewa ta yi fari, wanda ke nuna tudun yashi a ƙarƙashi, da inda take wucewa lif ba ta fashe ba, wanda ke nuna kwari ko mashigi, kuma cikin wannan kwarin zai wurga dalmarsa, dalma mai ƙusoshin waya waɗanda ke kama yashi don kada ruwa ya mirgino ta. Idan barakuda yake nema sai ya ɗaura guntun waya a gaban ƙugiya, domin haƙoranta suna yanke zare kamar ba a ɗaura ba; idan kuwa ruwan ya yi garau sai ya sirantar da zaren gaba ya zaɓi wanda ba ya ƙyalli, gama maganar da aka yi cewa kifi na ganinka mai jar koma gaskiya ce a teku kamar yadda take a gulbi. Masu fita can cikin zurfi neman malin da tuna hanyarsu dabam ce: jirgi yana tafiya kimanin kilomita 15 cikin sa'a, yana jan ƙugiyoyi da yawa a bayansa, kowace an lulluɓe ta da roba mai launi wadda ke tsalle cikin kumfa kamar ƙaramin kifi mai gudun tsira, an ware zaruruwan da dogayen sanduna a gefe biyu don kada su sarƙe, matuƙi kuwa idonsa yana sama yana neman tsuntsaye, domin inda suka taru suna faɗawa ruwa, akwai manya a ƙasa da suka koro ƙanana zuwa sama.

Bari in tsaya kaɗan a kan tarfon, tun da shi ne abin alfaharin gaɓarmu. Kifi ne mai ɓawo fari fat kamar azurfa, kowane ɓawo ya kusa tafin hannun yaro, kuma Allah ya hore masa wata jaka a ciki wadda yake shaƙar iska da ita, don haka da sassafe, idan ruwa ya kwanta a bakin kogi, sai a ga gadon bayansa ya ɓullo ya juya ya nutse, a ji ɗan sautin haɗiyar iska. Bakinsa ƙashi ne tsantsa, ƙugiya ba ta cika samun wurin shiga ba. Da zarar ya ji ƙarfe sai ya yi sama gaba ɗayansa, ya fi tsayin mutum, yana kaɗa kai, marufan kunnuwansa suna kaf-kaf har a jiyo daga nesa. A wannan ƙiftawar ido, mai sanda dole ne ya saba wa abin da zuciyarsa ke gaya masa, maimakon ya ja sai ya sunkuya ya miƙa sandar wajen kifin ya sassauta zare, domin idan kifin ya faɗo a kan zare mai tauri, nan take zai tsinke. Kwarkwaron ƙarfen da ke naɗe zaren yana da birki wanda akan saita a kan rubu'i zuwa sulusin abin da zaren zai iya ɗauka, yadda idan kifi ya fizga da ƙarfi zare zai riƙa fita yana kuka maimakon ya yanke. Yawancin waɗanda suka ɗauki ƙugiya suna tofar da ita tun a tsalle na fari ko na biyu. Wanda ya ga wannan da idonsa zai fahimci dalilin da ya sa mutane suke ƙetare ƙasashe dominsa, kuma idan mai tadabburi ne zai ga aya daga ayoyin Mahalicci.

To, a nan ne mas'alar da ta fi damuna take, kuma ban ga amfanin kewaye ta ba. Halaccin abin da ke cikin teku ba shi da jayayya. Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa har ga wanda yake cikin harami, hadisi kuma ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Amma halaccin ci dabam, hukuncin wasa da rai dabam. Risalar Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda duk almajirin da ya yi nisa a zaure ya bi ta kanta, ta sanya farautar da aka yi domin lahawu cikin makaruhi, ta bar wadda ba domin haka ba cikin mubahi; fuƙaha'un mazhabar Malikiyya kuma sun raba farauta bisa hukunce-hukunce biyar, tun daga wajibi ga wanda iyalinsa za su halaka da yunwa, har zuwa haramun ga wanda ta shagaltar da shi daga salla; Muhtasar na Shehu Halilu ma ya hana farautar dabbar da ake ci idan ba da niyyar yanka ta ba. Gaskiya ne wannan hukunci na ƙarshe a kan dabbar tudu ya zo, kifi kuwa ba ya buƙatar yanka, amma illar da aka gina shi a kanta, watau azabtar da mai rai ba da wani haƙƙi ba, ban ga dalilin da zai sa ta tsaya a bakin gaɓa ta ƙi shiga ruwa ba. Saboda haka al'adar kamawa a saki, wadda Turawa masu wannan wasa suke ɗauka ƙololuwar kirki, a ma'auninmu ita ce ma ta fi buƙatar hujja, fiye da ta mutumin da ya kama kifi biyu ya kai gida aka yi miya.

Hujjar kuwa akwai ta, amma ba ga kowa ba, ba kuma a kowane hali ba. Tarfon yana iya rayuwa fiye da shekara 50, ba ya kuma soma haihuwa sai ya daɗe, namansa cike yake da ƙaya. Malin shuɗi kuwa, kusan duk wanda ya haura kilo 150 mace ce, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon yawan ƙwan da take zubawa, har miliyoyi. Wanda ya kashe irin wannan uwa domin hoto daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya yi fura da shi ana gab da saukar damina. Sakin irin waɗannan, da sakin ƙananan da ba su kai haihuwa ba, maslaha ce bayyananna. Akwai kuma fa'idar ilmi: tun 1954 wani masani mai suna Frank Mather, a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, ya soma raba wa masu fatsa 'yan alamomi masu lamba su maƙala wa kifi kafin su sake shi, kuma ta haka aka tabbatar tuna yana ƙetare Atalantika, yayin da aka kamo waɗansu da aka yi wa alama a gaɓar Amurka can a mashigin Biskay kusa da Faransa da Sifen. Idan saki yana tsare iri, yana ƙara sani, yana kuma ciyar da iyalin matuƙi da yaran jirgi, to ya fita daga lahawu tsantsa ya shiga wani babi, kodayake yanke hukuncin na malamai ne, kuma abin da nake roƙo shi ne a kai musu bayanin yadda abin yake a zahiri kafin a nemi fatawa.

Amma duk wannan hujja tana rushewa idan kifin da aka saki ba zai rayu ba, kuma nan ne ihsani yake zama sharaɗi, ba ado ba. Akwai masu neman suna ta hanyar kama ƙaton kifi da siririn zare, su yi sa'a uku ko huɗu suna wahalar da shi har jikinsa ya mutu, su sake shi yana tangaɗi, kifin shak ya cinye shi kafin su juya jirgi. Wannan a wurina zalunci ne ko da an rubuta shi a littafin bajinta, kuma zare mai ƙarfi da ke gama faɗa cikin ɗan lokaci shi ne na mai tausayi. Siffar ƙugiya ma tana da hukunci. Ƙugiyar da muka saba da ita, mai miƙaƙƙen tsini, idan kifi ya haɗiye ta sai ta soke maƙogwaro ko hanji. Amma akwai wata mai lanƙwasa kamar zobe, tsininta yana duban jikinta, wadda ko an haɗiye ta, idan zare ya miƙe sai ta zamo ta fito ba ta kama komai ba, har sai ta iso kusurwar baki sa'an nan ta juya ta maƙale a wurin da ba ya kisa. Masu bincike a cibiyar nazarin teku ta Bajiniya sun gwada wannan a kan farin malin, suka wallafa a 2005: cikin 20 da aka kama da ƙugiya mai miƙaƙƙen tsini 7 sun mutu bayan saki, cikin 20 da aka kama da mai zobe kuwa ba ko ɗaya da ya mutu. Tun 2008 Amurka ta wajabta ta a gasannin kamun malin na Atalantika ga duk mai sa ɗanyen kifi a ƙugiya, jihar Fulorida kuma tun 2013 ta hana fitar da tarfon da ya wuce kimanin mita ɗaya daga cikin ruwa, sai dai a zare masa ƙugiya yana kwance a gefen jirgi. Kifin da aka jawo daga zurfi mai nisa kuwa, iskar cikinsa takan kumbura har tumbinsa ya leƙo ta baki, kuma jefa shi saman ruwa a wannan hali ba saki ba ne, kisa ne a hankali. Ko dai a mayar da shi ƙasa da nauyin dalma, ko a yanke wahalarsa a kai shi tukunya.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa, duk wannan ina ruwana, ni da ke nesa da teku da tafiyar yini biyu? Ruwansa yana cikin tukunyarsa. Hukumomin Nijeriya sun sha faɗin cewa ƙasar tana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kimanin sulusin haka ba, kuma kifin ƙanƙarar da ake saran sa a kasuwanninmu ana soyawa a bakin titi daga teku yake zuwa. Wanda ke zubar da arzikin wannan teku ba mai ƙugiya ɗaya ba ne. Manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan ruwa su ne ke share uwa da 'ya'ya, kuma a Gana an san cinikin nan na haram da ake kira saiko, inda irin waɗannan jirage suka riƙa kama ƙananan kifayen da su ne abincin masu kwalekwale, su daskarar da su, su sayar a tsakiyar teku a kawo Elmina. Wata ƙungiya mai bin diddigin lamarin ta ƙiyasta abin da aka sauke ta wannan hanya a 2017 da tan dubu 100. A Nuwadibu ta Muritaniya, da Sanagal, da garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong na Gambiya, an kafa masana'antu da ke niƙe sadin da bonga, abincin talaka, su mai da su gari domin ciyar da kifin kiwo da dabbobi a Turai da Asiya, ana narkar da kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Wani rahoto na 2021 ya ce abin da ake kwashewa haka ya haura tan rabin miliyan kowace shekara.

Ga inda maslahar ɓangarori biyu ta haɗu. Malin da tuna da tarfon ba sa zuwa gaɓar da babu sadin, kamar yadda kowa ke gani a Gana tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasa ya kawo ƙananan kifaye, manya su biyo su. Idan taru da masana'antar gari suka cinye ƙananan, matar da ke banda a bakin gaɓa ta rasa sana'a, baƙon da ke biyan kuɗin jirgi shi ma ya daina zuwa. Bambancin kawai shi ne, kukan matar ba ya wuce kasuwar ƙauyensu, amma mai masaukin baƙi da abokan cinikinsa suna da bakin da ake ji a ofishin minista. Ƙasar Beliz ta mai da tarfon kifin da ba a kashewa tun 2009, Gabon kuma a 2017 ta keɓe kimanin kashi 26 cikin ɗari na ruwan tekunta a matsayin wuraren kariya. Ƙasashen da suka ɗauki irin waɗannan matakai sun gane cewa kifin da aka sayar a kasuwa sau ɗaya ake cin kuɗinsa, wanda yake raye kuwa yana jawo baƙo bana ya jawo wani baɗi.

Sai dai ina jin tsoron wani abu, kuma tsoron yana da tushe. Da yawa daga masaukan masu fatsa a gaɓar Afirka ba na 'yan ƙasa ba ne. Baƙo yakan biya kuɗinsa tun yana Turai, ya sauka a ɗauke shi zuwa tsibiri, ya koma bayan mako guda, abin da ya taɓa hannun mutanen wurin bai wuce ladan wanki da ɗan abin da aka miƙa wa yaron jirgi ba. Alhali kuwa sanin da aka sayar masa, sanin mashigin da tarfon ke bi a kwana na nawa ga wata, da dutsen da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, da alamar hadari tun bai haɗu ba, gadon masuntan wurin ne, kakanninsu suka saya da rayukansu. Idan kuma aka zo aka ce an keɓe wani ruwa domin kariya, aka kori mai kwalekwalen da ke neman abin miya, aka bar jirgin baƙi yana shawagi a ciki, to an ɗauki zalunci an sa masa rigar gyara, kuma masunci yana da gaskiya idan ya ƙi ba da haɗin kai.

Mu kam ba baƙi ba ne ga hikimar hana kamu domin a samu. Gasar Argungu, wadda ta samo siffarta ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba ta fitar da giwan ruwa mai girman mutum don sa'a. Tana fitar da shi ne domin kogin Matan Fada a rufe yake sauran shekara, Sarkin Ruwa yana tsaronsa, jama'a kuma suna biyayya saboda hanin daga cikinsu ya fito, ranar buɗewa kuwa kowa da homarsa da gorarsa yake shiga. Masuntan gaɓar Gana su ma tun kaka da kakanni ba sa fita teku ranar Talata. Dokar da aka ɗora bisa irin wannan tushe takan zauna, wadda aka aiko daga babban birni ba a shawarci kowa ba takan ƙare a takarda.

Nijeriya tana da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 853, da bakunan koguna masu yawa daga Badagiri zuwa Kalaba, tana da cibiyar binciken teku a Ikko tun 1975, an kuma kafa ma'aikata ta musamman domin tattalin arzikin teku a 2023. Masu hali a Ikko sun riga sun soma fita da jiragensu a ƙarshen mako, kuma adadinsu ƙaruwa zai yi. Yanzu ne lokacin shimfiɗa ƙa'ida, tun abin bai zama al'adar da ke da wuyar tanƙwarawa ba: a yi lasisi mai sauƙin samu, a ƙayyade abin da mutum ɗaya zai kai gida a yini, a hana kashe manyan iyaye, a wajabta ƙugiya mai zobe ga mai niyyar saki, kuma kada jirgin haya ya fita sai da ɗan gaɓar a cikinsa a matsayin jagora mai cikakken lada, a buɗe masa hanyar bashi har ya mallaki nasa jirgin. Dokar ƙasa tun 1992 ta hana jiragen taru shiga mil biyar na farko daga gaɓa, masu kwalekwale kuwa sun daɗe suna kukan cewa ana ƙetare wannan haddi da dare ana yayyaga musu koma. Kuɗin lasisin masu nishaɗi, a ganina, wurin da ya fi cancanta ya tafi shi ne man jiragen sintiri da ke tsaron waɗannan mil biyar, a kuma riƙa karanta lissafinsa kowace shekara a gaban shugabannin masunta na Badagiri da Epe da Bonny da Oron, su faɗi ko sun ga jirgin sintirin a ruwansu ko ba su gan shi ba.